Wace fitila za ka ɗora wa ƙaramin tankin murjani?

Kafin ka ciro kuɗi ka fara sanin wane irin murjani, wato halittar nan mai rai ta cikin teku, za ka ajiye a tankin ruwan gishirinka, don fitilar nan ba ta ado ba ce kawai, abinci ce. A cikin jikin murjani akwai wasu ƙananan halittu masu kama da gansakuka, zooxanthellae, su ke amfani da haske su haɗa abinci su ba shi. Haske ya yi kaɗan sai murjanin ya koma launin ruwan ƙasa ya daina girma, ya yi yawa kuma sai ya tofar da su ya koma fari fat, kuma na biyun nan ya fi saurin kisa wallahi.

Ƙarfin hasken da PAR ake aunawa, wato ma'aunin yawan hasken da halittun nan ke iya haɗa abinci da shi, ba da watt ba. Murjani masu laushin jiki irin su zoa da mushroom, 50 zuwa 150 ya ishe su. LPS, wato masu ƙashi mai tauri da manyan bakuna, kamar hammer da torch, wajen 75 zuwa 150. Amma in SPS ne, masu ƙashi mai tauri da ƙananan bakuna, irin acropora, to sai 200 zuwa 350, kuma gaskiya in yanzu ka fara ka ƙyale su tukuna.

Fitilun iri uku ne. Metal halide ita ce tsohuwar hannu, haskenta ba magana amma zafi gareta, tankin da bai wuce lita 40 ko 60 ba nan da nan ruwan ya ɗumama ya wuce digiri 25 zuwa 26 ɗin da ake so, ga shi ruwa na ta tashi sama gishiri na ƙaruwa, ga cin wuta. Ni dai ban ga dalilinta a ƙaramin tanki ba.

T5 dogayen kwayayen nan ne, suna baza haske ko'ina ba inuwa, murjani na son su sosai. Matsalar sai an canza kwan duk wata 9 zuwa 12 ko da idonka na ganin yana ci garau, sannan tankuna ƙanana da yawa masu siffar akwati ne, tsawon kwan ya fi bakinsu.

Saura LED, kuma nan yawancin mutane ke tsayawa. Ba zafi sosai, ba canjin kwai, kuma kana iya rage ta ko ƙara ta. Amma fa LED ɗin ma kala-kala ce. Akwai masu fito da haske daga wuri ɗaya irin Kessil A80 mai watt 15, suna ba da wannan walƙiyar da ke rawa a kan yashi kamar kana ƙarƙashin teku da rana tsaka, abin sha'awa, sai dai ƙasan rassan murjani na zama cikin inuwa. Akwai irin AI Prime da ake sarrafawa ta manhaja a waya, ka saita kowace kala da lokacin kunnawa da kashewa. Akwai kuma masu arha marasa suna, wasu na aiki lafiya lau a kan masu laushi, amma ka duba ko ana iya rage ƙarfinta, in babu ka barta a wurin. Ka kuma tabbatar ta ruwan gishiri ce, wadda shuɗi ya fi yawa, wajen nanomita 420 zuwa 460 a ma'aunin launin haske, don wadda aka yi wa tsirran ruwan daɗi fari da ja sun mata yawa, gansakuka kawai za ta tara maka.

Ranar da ka ɗora sabuwa kar ka buɗe ta duka don zumuɗi. Fara da kashi 30 ko 40 cikin ɗari, kana ƙara kaɗan-kaɗan duk sati, awa 8 zuwa 10 a rana. In ka ga zoa sun tsuke sun ƙi buɗewa ko kala na kwaranyewa, ka rage. Sannan ka riƙa goge gilashin fitilar da tsumma mai ɗan danshi bayan ka cire ta daga wuta, don gishirin da ke bushewa a jiki na tare haske ba ka sani ba.