Tailan ko Turkiyya: Inda Malamin Turanci Mai Hawan Dutse Zai Fi Samun Biyan Bukata

Wani ɗan'uwanmu ya ce yana da digiri a Turanci, ya gama bautar ƙasa, yana riƙe da fasfon Najeriya, kuma yana son ya fita waje ya koyar a inda zai riƙa hawan dutse da igiya a ƙarshen kowane mako. Tambayarsa ita ce: tsakanin Tailan da Turkiyya, wacce ta fi dacewa? Malam, amsata a taƙaice ita ce Tailan ta fi sauƙin shiga aji, Turkiyya kuwa ta fi sauƙin kaiwa ga dutse, kuma abin da zai raba maka gardama shi ne garin da makarantar take, ba sunan ƙasar ba.

Mu fara da takardu, domin nan ne fasfo yake magana kafin mai shi ya buɗe baki. A Tailan makarantun gwamnati da na kuɗi duk suna ɗaukar baƙi, hanyar kuma sananniya ce: digiri, bizar aiki da ake kira Non-B, takardar izinin aiki, sannan izinin koyarwa na wucin gadi na shekara 2 daga majalisar malamai ta ƙasar, wato Khurusapha. Sai dai hukumominsu ba sa lissafa ɗan Najeriya cikin waɗanda Turanci ne harshen uwarsu, ko da kuwa da shi ya yi karatu tun daga firamare, saboda haka za a nemi sakamakon jarrabawar gwada iya Turanci ta TOEIC, galibi maki 600 ko sama. Albashin da ake yanka wa irinmu kuma yakan gaza na Bature mai aiki iri ɗaya a aji na kusa, abin da yake da ciwo, amma gara ka san shi tun kana gida. Ga kuma takardar wankewa ta NDLEA da ake nema kafin biza.

A Turkiyya ƙofar ta fi ƙunci. Baƙo ba ya samun gurbi a makarantar gwamnati, sai a makarantun kuɗi, cibiyoyin koyon harshe, ko azuzuwan share fage na jami'o'i. Makarantar ce take nema maka izinin aiki daga ma'aikatar ƙwadago, bayan ma'aikatar ilimi ta amince, kuma tun daga 2022 an tsaurara ba da takardar zama ga masu shiga da sunan yawon buɗe ido, don haka dabarar a je tukuna a nemi aiki daga baya ta daina ci. Takardar CELTA ta Cambridge, wato shaidar horon koyar da Turanci, tana da nauyi a wurinsu fiye da kwas ɗin koyarwa na TEFL na awa 120 da ake yi ta intanet. Batun kuɗi ma abin dubawa ne: hauhawar farashi ta haura kashi 85 cikin ɗari a Oktoban 2022, kuma wanda aka rubuta albashinsa da lira, kuɗin ƙasar, ya ga yadda yake narkewa kafin shekara ta zagayo. Kuɗin Tailan bai taɓa yin irin wannan rawar ba a 'yan shekarun nan.

Yanzu ga dutsen, kuma a nan ne nake son ka natsu. Hotunan da suke jan mutane zuwa Tailan kusan duk daga Railay da Tonsai ne a lardin Krabi, inda duwatsun farar ƙasa suka miƙe tsaye daga bakin teku, kuma ba a isa wurin sai da kwalekwale mai inji. Lokacin hawa mai kyau a can daga Nuwamba ne zuwa Maris. To duba kalandar makaranta: zango na biyu yana farawa a Nuwamba ya ƙare a Maris. Babban hutu yana faɗawa daga Maris zuwa tsakiyar Mayu, lokacin da zafi ya fi tsanani, hannu yana zufa yana zamewa daga dutse komai yawan allin da ka shafa, ƙaramin hutun Oktoba kuma yana cikin damina. Ke nan malamin da aka tura Bangkok ko wani lardi na arewa maso gabas zai ga Tonsai ne kawai a watannin da masu hawa suka watse. Guraben koyarwa a Krabi kanta kaɗan ne, masu nemansu kuma da yawa.

Abin da ya fi yiwuwa ga malami a Tailan shi ne Chiang Mai, birni a arewacin ƙasar, wadda take da dutsen Crazy Horse a gundumar Mae On, tafiyar ƙasa da awa ɗaya a babur, ko da yake hayaƙin ƙona gonaki yana turnuƙe garin daga Fabrairu zuwa Afrilu. Mazaunin Bangkok kuwa yana da Nam Pha Pa Yai a Saraburi da Khao Jin Lae a Lopburi. Akwai wani abu da ya shafi rai a bakin tekun kudu: iskar gishiri da zafi suna tsattsage ƙusoshin ƙarfe da aka kafa a dutse daga ciki, ƙusa tana sheƙi a ido amma ta karye da nauyin mutum, shi ya sa aka shafe shekaru ana maye gurbinsu da na titaniyam. Kafin ka maƙala igiyarka a kowace hanya, ka tambayi 'yan wurin ko an sauya ƙusoshinta.

Turkiyya tana da wurin hawa na Geyikbayiri, kimanin kilomita 25 daga birnin Antalya, da hanyoyin hawa sama da dubu, masu sauƙi da masu wuya, da sansanonin kwana a gindin dutsen inda ba a rasa abokin riƙon igiya. Lokacinsa daga Oktoba ne zuwa Afrilu, wanda shi ma ya faɗa cikin zangon karatu, amma bambancin shi ne Antalya babban birni ne mai makarantu, mutum zai iya tashi daga aji ranar Juma'a ya kwana a tanti. Idan hutun bazara ya zo, Antalya ta ɗauki zafi, sai a haura tsaunukan Aladaglar a lardin Nigde, inda ƙololuwar Demirkazik ta kai mita 3,756 kuma iska take da sanyi. Shekara ta cika ke nan ba tare da giɓi ba. Amma idan aikin a Santambul ya faɗo, kamar yadda yawancinsu suke, abin da ke kusa shi ne Ballikayalar ta wajen Gebze, wadda ba ta kama ƙafar Geyikbayiri ba, ga tsadar haya.

Abinci da ibada ba matsala ba ne a Turkiyya. A Tailan ma kudu tana da Musulmi da yawa, akwai masallatai da abincin halal a Ao Nang da garin Krabi, a Chiang Mai kuwa sai an ɗan nema.

Gargaɗi ɗaya ya shafi Tailan kaɗai. An sha yaudarar matasan Afirka da tayin aiki a Bangkok, a ɗauke su daga filin jirgi zuwa garin Mae Sot na kan iyaka, a tsallaka da su Myawaddy ta Myanmar, a kulle su a gidajen damfara ta intanet. Duk tayin da bai ambaci sunan makaranta da adireshinta ba, ko ya ce ka shigo da bizar yawon buɗe ido za a gyara daga baya, ka bar shi.

Da ni ne, Malam, sai in aika takardun neman aiki zuwa Antalya da Chiang Mai kaɗai. Idan Antalya ta ba da kwangila a rubuce tare da izinin aiki, kuma aka yarda a sake duba albashi a tsakiyar shekara, ita zan ɗauka. Idan ba ta samu ba, Chiang Mai ta wadatar a shekarar farko, musamman da yake ana ɗaukar malamai da yawa gab da buɗe makarantu a watan Mayu, wanda ke nufin TOEIC da takardar NDLEA su kasance a hannunka tun Fabrairu.