Shekara biyu da shimfiɗa laminet a gidana

Ƙura ce ta raba mu da kafet. Ƙaramar 'yata kullum cikin atishawa take, ni kuma na gaji da shara. Tayil kuwa maigida ya ce ba ya son sanyinsa da santsinsa. Haka muka koma kan laminet, muka shimfiɗa a falo da ɗakin kwana, yau shekara biyu ke nan.

Da farko na ɗauka katako ne zalla, ashe ba haka ba ne. Hawa huɗu ne aka manne wuri guda. Can ƙasa akwai shafin da ke hana shi lanƙwashewa, sai garin katako da aka matse ya yi tauri, wanda ake kira HDF, sai takarda mai hoton katako, a sama kuma wani shafi garai-garai mai ƙarfi da ke ɗaukar takun ƙafa. Kamfanin Perstorp na ƙasar Suwidin ne ya ƙirƙiro shi a 1977, aka san shi da sunan Pergo. Wato kyan nan da ido ke gani hoto ne. In saman ya cinye ba a kankare shi a sabunta kamar katakon gaske, sai dai a sauya.

Shi ya sa nake cewa kafin launi ya ɗauke miki hankali, juya kwalin ki duba lambar AC. Ita ke nuna juriyarsa ga gogayya. AC3 ya ishi gida, amma mu AC4 muka ɗauka saboda yara da baƙi, mai kaurin milimita 8. Har yau bakin ƙofar falo, inda aka fi takawa, bai dushe ba. Wannan kam ya burge ni ƙwarai.

Mai aikin da ya saka mana ya sa mun ajiye kwalayen a kwance cikin ɗakin har tsawon kwana biyu kafin ya buɗe su, don allunan su saba da yanayin wurin. Na ƙagu, har na ga kamar jan rai yake yi. Ya cike ramukan da ke jikin simintin, ya shimfiɗa leda mai tare danshi da siririn soso, sannan ya riƙa sarƙafa allunan da juna, ba gam ba ƙusa. Ya bar tazarar kusan milimita 10 a jikin kowane bango, domin abin yana buɗewa yana tsukewa. Wata ƙawata da ba a bar mata wannan tazarar ba, tsakiyar falonta ya taso kamar tudu.

Inda ya ba ni haushi shi ne ruwa. Wata rana muka yi tafiya, ruwan sama ya shigo ta tagar da ba ta rufu sosai ba, ya kwana a ƙasa. Saman bai yi komai ba, amma ruwan ya bi ta mahaɗar allunan ya shiga garin katakon, bakinsu ya kumbura. Na jira ya bushe ko zai koma, bai koma ba. Allah ya taimake ni na ƙara kashi 10 cikin ɗari a kan abin da aka auna, da ragowar aka canza alluna uku, kuma sai da aka kwance tun daga bango kafin a kai gare su. Tun ranar na daina tunanin kai shi kicin, balle banɗaki.

Yana da ɗan ƙara idan aka taka da takalmi mai tsini. Yashi ma yana karce shi, don haka na ajiye abin goge ƙafa a bakin ƙofa, na kuma manna soso a ƙafafun kujeru. Sharar dai ta yi sauƙi: tsintsiya mai laushi, sai tsumma da aka matse sosai. Atishawar yarinyar ma ta ragu. Ɗakin yara nake shirin yi yanzu, kuma AC4 ɗin zan sake saye.