Sabuwar Wayar Baba da Maɓallan da Suka Ɓace

Watanni biyu da suka wuce na saya wa mahaifina wayar Android mai matsakaicin farashi a wani shago da ke Wuse 2 a Abuja, bayan tsohuwar tasa ta fara mutuwa kafin azahar ko da an cika ta da caji da asuba. Game da batir da hasken allo da ƙarar lasifika babu abin cewa sai madalla, domin caji ɗaya yana kai shi kwana guda da rabi, abin da duk mazaunin Kubwa ya san darajarsa. Kyamarar kuwa ba yabo ba fallasa. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan sharhi shi ne ƙasan allon, inda maɓallai uku da Baba ya saba da su tsawon shekaru, wato na komawa baya da na komawa gida da na duba manhajojin da ke buɗe, suka ɓace, wani ɗan siririn layi ya maye gurbinsu.

Wannan tsari ba a wannan wayar aka fara shi ba. Tun a 2009 wayar Palm Pre ta zo da dabarar jera manhajoji kamar katuna, a ture wanda ba a so sama ya tafi. Kamfanin Apple ya cire maɓallin gida daga iPhone X a 2017, sannan Google ya shigo da cikakken tsarin shafa allo a Android 10 a 2019. Ƙa'idojin uku ne kacal: a shafo daga ƙasa zuwa sama a koma gida, a shafo a ɗan tsaya a tsakiya a ga manhajojin da ke buɗe, a shafo daga gefen hagu ko na dama a koma baya. Wanda ya iya zai ga sun fi maɓalli sauri, kuma allon ya ƙara fili. Matsalar ita ce maɓalli yana nuna kansa, ido na ganinsa yatsa ya je, shafa kuwa sai an gaya wa mutum, kuma babu abin da ke jikin wancan layin da zai sanar da dattijo ɗan shekara saba'in cewa tsayawar rabin daƙiƙa ce ta raba komawa gida da buɗe jerin manhajoji.

A gaskiya wayar tana da ɗan darasi da take nunawa lokacin da aka kunna ta karon farko, sai dai yaron shagon ya tsallake shi a gabana cikin gaggawa, yana cewa, "Yallaɓai, wannan ba komai ba ne, da kansa zai gane." Ya liƙa gilashin kariya da kyau, ya kwashe lambobi daga tsohuwar wayar ba tare da ko ɗaya ta salwanta ba, amma minti biyun da ya ƙi bayarwa su ne suka fi komai muhimmanci a cinikin.

Da daddare na tarar da Baba zaune a kan dadduma, tabarau a kan hanci, yana duba hotunan sunan jikarsa. Duk lokacin da ya sa yatsa daga can bakin allo don ya wuce zuwa hoto na gaba, sai wayar ta ɗauka baya yake son komawa, ta fitar da shi gaba ɗaya. Sau huɗu yana shiga tana fitar da shi, har ya ajiye ta ya ce, "Kai, wannan wayar taku ba ta da kunya." Na nuna masa cewa daga tsakiya ake jan hoto, sai kuma muka gano wata matsalar: rigar robar da aka saka wa wayar tana da tudu a baki, yatsansa ba ya kaiwa ƙarshen allo, don haka shafowa daga ƙasa sai ya yi sau biyu ko uku kafin ta amsa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, da ya iya buɗe jerin manhajojin, abu na farko da ya gani ɓaro-ɓaro shi ne maɓallin share duka, wanda shi ne mafi ƙarancin amfani a shafin. Mutane da yawa, har da masu gyaran waya, sun yi imani cewa rufe manhajoji a kai a kai yana tsawaita caji da hana waya nauyi. Yawancin abin da ke cikin jerin nan ba aiki yake yi ba, a daskare yake cikin RAM, wato ma'adanar wucin gadi ta waya, kuma wayar da kanta take korar wanda ya daɗe idan tana buƙatar wuri. Idan aka share manhajar da ake buɗewa sau ashirin a rana, kamar WhatsApp, dole kowane karo ta taso daga tushe, wanda ya fi cin batir fiye da a farkar da ita daga inda ta tsaya. Tun a 2016 Craig Federighi na Apple da Hiroshi Lockheimer na Google suka bayyana cewa wannan sharewar ba ta taimakon batir, kuma Android ta zo da tsarin Doze tun 2015 don kwantar da manhajoji idan an ajiye waya. Inda rufewa ke da ma'ana shi ne manhajar da ta maƙale ta ƙi motsi, ko wadda ke aiki da gaske a bayan fage, kamar taswirar da ke ci gaba da nuna hanya bayan an iso gida. Duk da haka an ɗora maɓallin sharewa a inda ido zai fara sauka, an bar abin da mutum ke buƙata sau ɗari a rana ba tare da wata alama ba.

Abin da ya fanshi wayar a wurina shi ne ba ta tilasta wa kowa. A cikin saiti akwai zaɓin dawo da maɓallai uku, ko da yake sai da na bi shafuka uku kafin na same shi, kuma wanda bai san da shi ba ba zai taɓa nemansa ba. A wurin ne kuma ake rage saurin amsawar gefen allo, ga wanda yake son ci gaba da shafa amma hotuna na kuɓuce masa. Duk mai niyyar saya wa iyayensa irin wannan waya, ya sa a yi wannan zaɓin tun a shago, a gaban mai ita, kafin a biya kuɗin gilashi.

Na mayar wa Baba maɓallansa a mako na biyu, kuma tun ranar bai sake kirana don wayar ta fitar da shi daga hoto ba. Share duka ɗin ne dai har yanzu ban raba shi da shi ba, domin kowane dare bayan sallar isha'i sai ya danna shi kafin ya sa wayar a caji, wai ba ya son ya kwana da shara.