Simintin da asibitin kuɗi ya sa wa ɗana

Asibitin kuɗin nan na bakin titi a unguwarmu a Kano, wanda ake yabo da tsafta da rashin layi, ni ma na daɗe ina cikin masu yabonsa. Can matata ta haihu, can muke kai yara idan zazzaɓi ya kwantar da su. Ba zan kama sunansa ba, don na riga na kai ƙorafi a rubuce inda ya dace. Amma yadda suka yi da karayar ɗana, wannan kam sai na faɗa.

Yaron shekararsa tara. Suna dawowa daga islamiyya a adaidaita sahu wata mota ta goge su, adaidaitar ta kife, ya dafa ƙasa da hannun dama. Ƙasusuwan nan biyu na tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu duka suka karye. Maƙwabta suka ce a kira mai ɗori, na ƙi. Na ga yaron da aka ɗaure wa hannu da kara tamau har hannun ya ruɓe, ƙarshenta yankewa aka yi. Gudun wannan ne ya sa na ce asibiti za mu, ko nawa ne.

Farkon abin babu laifi. An yi hoto nan da nan. Likitan ya zo da fara'a, ya lallashi yaron, aka yi masa allurar barci aka jera ƙashin, aka sake hoto ya nuna min yadda ya hau daidai. Sannan aka naɗe hannun da siminti zagaye, tun daga saman gwiwa har gindin yatsu, aka ce mu kwana ɗaya a ga yadda zai farfaɗo. Ɗakin fes, janareta bai tsaya ba. Da a lokacin aka tambaye ni, da na ce kowa ya kawo nasa.

Bayan isha'i kukan yaron ya sauya. Da farko ƙorafi yake yi irin na mai ciwo, daga baya ya koma ihu yana juyi a gado. "Baba, a cire min, yana matse ni." Na duba yatsun: sun kumbura suntum, fatar tana sheƙi, faratan sun yi duhu. Na kama ɗaya a hankali don in miƙar da shi, ya ƙwalla ƙarar da ta tashi mutanen ɗakin kusa. Na je wurin nas na ce, "Sista, don Allah zo ki ga hannun yaron nan, ban gane masa ba." Ta ce, "Alhaji, karaya ce fa, dole ya ji zafi. An ba shi magani, ku yi haƙuri." Da na matsa ta zo, ta leƙa daga bakin gado, ta ƙara masa allurar kashe zafi ta fita. Ko taɓa yatsun ba ta yi ba.

Allurar ba ta yi komai ba. Can cikin dare ya ce babban yatsansa da manuni ba ya jin su. Uwarsa ta koma wurin nas tana hawaye ta ce, "Sista, ki dubi girman Allah ki kira likita." Amsar da aka ba ta ita ce likita yana gida, ba a tashinsa sai in gaggawa ce, kuma da safe zai zagayo. To mene ne gaggawa in ba wannan ba? Duk tsawon lokacin nan hannun a kwance yake a kan katifa. Ba wanda ya ce mana a ɗora shi a kan filo, ba wanda ya gaya mana alamar da za mu gani mu yi kururuwa.

Na ce a sallame mu. Aka kawo min takarda in sa hannu cewa na fita da yaro ba da yardar likita ba, aka ce kuma sai na cika kuɗi. Na sa hannu, na tura kuɗin ina tsaye, muka ɗauke shi sai Asibitin Ƙashi na Dala.

Likitan da muka tarar a can kallo ɗaya ya yi wa yatsun ya ce a miƙo masa zarton yanka siminti. Ya tsage shi daga sama har ƙasa, ya sa almakashi ya yanke audugar da ke ciki har sai da fata ta bayyana, ya buɗa. Hannun ya fito da shatar naɗi ta nutse a jiki, ga ƙuraje masu ruwa a kusa da gwiwa. Ba a jima ba yaron ya daina ihu. Sai da abin ya lafa ya zaunar da ni ya yi min bayanin da ya kamata in ji tun da rana. Ya ce naman hannu yana cikin wata tantani ce mai tauri da ba ta miƙewa, kuma sabuwar karaya tana ci gaba da kumbura kwana biyu zuwa uku. Idan aka zagaye ta da siminti babu inda kumburin zai tafi, kamar zobe ne a yatsan da ya kumbura, sai matsin ya tare jini. Cikin awa shida ko makamancin haka nama da jijiya sukan soma mutuwa, hannu ya ƙanƙance har abada. Shi ya sa a karaya irin wannan ake yawan fara sa rabin siminti a ɗaure da bandeji, ko a tsaga shi, ko kuwa a riƙa duba yatsu a kai a kai. Babbar alama, in ji shi, zafin da magani ba ya kwantarwa, wanda ke ƙaruwa idan an miƙar da yatsu. Da tsagewar ba ta wadatar ba, da tiyata za a shiga a farke hannun don matsin ya sauka. Allah ya taimaka ba a kai ga haka ba, amma jijiyar ta taɓu. Har yanzu yatsun nan biyu ba su dawo daidai ba, riƙe biro yana ba shi wuya, muna ta zuwa gashi.

Gaskiya ɗaya ce, jerin ƙashin ya yi kyau, likitan Dala ma ya faɗa. Na so in ce aiki ne mai kyau da dare ɗaya ya ɓata. Ita nas ɗin ma da na huce na tausaya mata, domin ita kaɗai ce a daren, tana tsakanin ɗakinmu da ɗakin haihuwa. Wanda ya bar asibiti mai kwantar da mutane da nas ɗaya babu likita, shi ne mai babban kaso.

Komawar da na yi asibitin kuɗin ce ta sake tayar min da hankali. Manajan ya saurare ni ya ce, "Alhaji, ƙaddara ce, a gode wa Allah da abin ya tsaya nan." Na yarda da ƙaddara, haɗarin adaidaita ƙaddara ce. Amma yaro ya raba dare yana ihu a gaban ma'aikaci a ƙi kiran likita, wannan sakaci ne. Na duba rasit, har allurar nan ta biyu da kuɗin gadon daren da ba mu ƙarasa ba an caje ni. Nan na tuna yadda tun isowarmu, yaro riƙe da hannu a lanƙwashe, aka ce ba za a taɓa shi ba sai an buɗe kati an ajiye kuɗi. A lokacin ban ce komai ba don ina da su a waya. Wanda ba shi da su fa? Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, sashe na 20, ta hana kowane asibiti ƙin duba mai buƙatar gaggawa bisa kowane dalili, har da tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba. Kundin haƙƙin majiyyata da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2018 kuma ya ce majiyyaci yana da haƙƙin a yi masa bayani ta yadda zai gane. Mu ko kalma ɗaya ba a gaya mana a kan simintin nan ba.

Da na ce zan ci gaba da kai musu zazzaɓi da awon ciki, karaya ce kawai ba zan ƙara ba. Yanzu wannan ma na janye, don mai naƙuda ma da dare take zuwa, kuma nas ɗayar nan za ta tarar. Ƙorafina yana hannun PHIMA, hukumar da ke sa ido kan asibitocin kuɗi a Kano, kuma abin da na nema shi ne a tilasta musu ajiye likita da dare. Na kuma nemi kwafin fayil ɗin yaron, don in ga abin da aka rubuta a daren da lokacin da aka rubuta shi. Har yau cewa suke mai riƙe da makullin ba ya nan.