Sun share ƙurar faifan, sun haɗa da kiɗan

Kada kwalin nan ya ruɗi kowa. Kyau kam yana da shi, faifai huɗu da ɗan littafi a ciki, kuɗin kuwa kun san yadda dala take, ban da na kawowa. Tarin kiɗan ƙungiyoyin jazz ne da suka riƙa yawo gari-gari a Texas da Oklahoma da Missouri da Nebraska a shekarun 1920 da 1930. A cika mota a kwana a hanya, yau wannan zauren rawa, gobe wancan.

Ni dai saboda Blue Devils na saya. Ƙungiyar Walter Page ce ta birnin Oklahoma, inda Count Basie ya shiga a 1928, ga Jimmy Rushing da Hot Lips Page da Buster Smith, daga baya Lester Young ya zo. Duk wannan suna da suka yi, kiɗa biyu kacal suka ɗauka a faifan garmaho, a watan Nuwamban 1929 a birnin Kansas. Biyu fa! Kowanne wajen minti uku ne. To waɗannan biyun ne wani mai kambaɓa a situdiyo ya zauna ya ce sai ya wanke su tas. Tsohon faifai dole ya yi ƙas-ƙas da shuuu, wanda ya saba ji bai ma damu da shi ba. Shi kuwa ya bi da na'ura ya kwashe, ya haɗa da ƙasan sautin gaba ɗaya. Abin ya koma kamar an kifa wa rediyo ƙwarya. Muryar Rushing ta shaƙe, kahonnin sun yi laushi, bes ɗin Walter Page kuwa, wato ƙaton gogen nan mai kaurin sauti, sai ka manna kunne da lasifika kafin ka tabbatar mutumin yana wurin. Mutumin da duniya ta san shi da bes! Na murɗa maɓallin har ƙarshe, na sauya na'ura, na sa na kunne, duk ɗaya. Da na rubuta wa mai sayarwa, amsarsa layi guda ce: in an yage leda ba a mayarwa. Ta yaya zan ji kiɗa ta cikin leda, malam?

Gaskiya faifai na biyu ya ɗan sanyaya mini rai. Alphonso Trent ne, wanda ƙungiyarsa ta shafe fiye da shekara tana kiɗa a otal ɗin Adolphus na Dallas ana watsawa a rediyo, abin da ba kasafai baƙaƙen fata ke samu a kudancin Amurka ba a lokacin. Guda takwas suka ɗauka wa kamfanin Gennett, duk an sa su, kuma an bar musu ƙurarsu. Nan ne ka ji tsari da ƙwarewa, har na ce to, kuɗina bai faɗi ƙasa banza ba. Littafin ma ba laifi, sai dai ƙanƙantar rubutu. Ya kawo yadda Blue Devils suka maƙale a West Virginia a 1933, aka riƙe musu kayan kiɗa, suka riƙa ɗarewa jiragen ƙasa na kaya don su koma yamma.

Sai na sa na Bennie Moten, shugaban wata ƙungiyar kiɗa ta birnin Kansas, haushin ya dawo sabo. A ɗaukar da suka yi a Camden cikin Disambar 1932, ga Walter Page nan raɗau, kowace tsirkiya tana fita. Ashe sun iya aikin! Moten da yake ko'ina a intanet shi aka lallaɓa aka ba faifai guda cur, biyun da ba su da na uku aka yi wa aika-aika.

Tauraro biyu na ba su, su ma albarkacin Trent. Mai neman Blue Devils ya nemi wani bugun, kuma ya ce a kunna masa kafin ya zaro ko sisi.