A Ingila kuɗinka ba ya saya maka maganin ciwon wuya

Masu yawan tambayata yadda asibitin Turawa yake, ga abin da ya same ni a nan Mancesta.

A rumbun ajiyar kaya nake aiki, ɗaga kwali da sunkuyo tun safe. Wuyana ya riƙe har sai na juya jikina gaba ɗaya in zan waiga, ciwon ya hau ƙeya, ya gangaro kafaɗa. Na shiga kemis na ce a ba ni diclofenac na sha, yadda muka saba. Matar ta ce sai da takardar likita. Ashe tun 2015 aka hana sayar da ƙwayarsa kai tsaye a ƙasar nan, saboda illarsa ga zuciya. Ga mutane a layi a bayana, ita kuwa sai jero tambaya take yi a gabansu: kana da gyambon ciki? Hawan jini fa? Asma? Wallahi raina ya ɓaci. Kuɗina a hannuna, wuyana na zogi, ana yi mini tambayar da ko a gida sai an ja labule. Ko paracetamol a kanti fakiti mai ƙwaya 16 ne, kuma ba za su ba ka fiye da biyu ba.

Ganin likita kyauta ne, amma sai ka kama waya ƙarfe takwas na safe kana rige-rige da duk unguwa, sannan ka zauna jira. A nan na yi kewar gida sosai, inda kafin azahar wani ya kawo man zafi, wani ya leƙo ya ce sannu.

Amma mai gashin ƙashin da aka tura ni wurinsa ya wanke mini takaici. Bai ce a yi hoto ba, bai yi allura ba. Ya sa na matse yatsunsa don ya gwada ƙarfin hannuna, ya tambaya ko ina jin sagewa ko tafiyar kiyashi a yatsu, alamar jijiya ta danne ke nan. Da bai samu ba, ya ce tsoka ce ta gaji, kuma irin wannan yakan tafi cikin 'yan makonni. Ya koya mini jan haɓa baya a hankali, da karkatar da kai dama da hagu. Tawul mai ɗumi, filo guda ɗaya mara tudu, a daina dunƙule kai a kan waya, kada a ɗaure wuya, kada a kwanta ana jinya.

To mu fa? Yaron kemis ya danna maka allura bai san ko kana da ciwon ƙoda ba. Wani ya kai wuyansa gun mai ɗori a murɗe shi. Uwayenmu sun shekara suna ɗaukar tulu da itace a ka, in sun koka sai a ce tsufa ne. Wanda ya fi ci mini rai shi ne yaro ya tashi da zazzaɓi da wuya a sanƙare a tsakiyar bazara, a tsaya shafa masa magani ana cewa kwanciya ce ta karkace. Mu da muka ga sanƙarau na 1996 a Arewa, wannan yaron asibiti za a kai shi a ranar, ko da kuɗin mota na aro ne.