Piwigo ko NextGEN Gallery: wanne ya fi wa mai hoto a Nima?

Masu ɗaukar hoton biki da suna a unguwannin Nima da Mamobi na birnin Accra sun fara gajiya da WhatsApp, domin yana matse hoto har ya rage masa kyau. Wanda ya buɗe shafinsa na intanet, manhajoji biyu na baje hotuna zai fi cin karo da su.

NextGEN Gallery, wadda ta fito a 2007, ƙari ce a kan WordPress, manhajar gina shafin intanet. In shafinka na WordPress ne, girka ta ba wuya, kuma ta isa tela ko mai sayar da atamfa ya baje kayansa. Sayar da hoto kuwa sai an biya kuɗin Pro, wato nau'inta na kuɗi.

Piwigo ta girme ta, tun 2002 aka fara ta a Faransa. Kyauta ce, zaman kanta take yi, sai dai tana bukatar sabar (kwamfutar da ke ɗauke da shafi) mai manhajojin PHP da MySQL. Abin da ya ja ni gare ta shi ne sirri: kana iya kulle kundin amarya, dangi kaɗai su shiga da kalmar sirri. A Zango wannan ba ƙaramin abu ba ne, don ba kowane maigida ke son hoton iyalinsa a bainar jama'a ba.

Bidiyo a Piwigo sai an ƙara mata wata manhaja, ga cin data. Gara a ɗora shi a YouTube, a saƙala mahaɗin a shafin.